Baba da Mai Hannu Takwas

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa, kowa da ranarsa. Ranar Baba ta zo a tsakiyar damina, shekarar da kogin Hadejia ya cika ya batse har ya raba ƙauyenmu da kowa. Turawa suna nan a lokacin, ba a daɗe da gama yaƙinsu na biyu ba. Garinmu kan tudu yake, kusa da Baturiya, kuma in ruwa ya zo irin haka ba hanyar ƙafa, ba ta jaki, sai kwale-kwale. A jirgi masu ta'aziyya suka riƙa zuwa. Da yawansu sun zo ne da niyyar su yi gaisuwa su juya, sai iska ta tashi, masu fito suka ce ba mai tura jirgi. Haka muka cunkushe a gida ɗaya, maza a zaure, mata a ɗakuna da rumfa, tabarmi a jiƙe, itace ya ƙi kamawa, kowa na jin numfashin na kusa da shi.

Mutanen da ba su da wurin zuwa ba abin da ya rage musu sai magana, kuma duk maganar ta Baba ce. Masunta suka yi ta tuna yadda yake ɗinke koma ba tare da ya dube ta ba. Wata tsohuwa mai daddawa da ta zo tun daga Kafin Hausa tana kuka tana dariya, tana tambaya wa zai ƙara ba su labarin dodon nan nasa na teku. Liman ya ce mutum ne da bai taɓa jin ya ɗaga murya a kan kowa ba. Sai wani malami matashi, surukin maƙwabtanmu, ya ce Allah Ya gafarta masa, mutumin kirki ne, illa dai yana ƙara wa zance gishiri. Ina bayan zana ina damun fura na ji shi. Aka yi ƴar dariya ƙasa-ƙasa, ba wanda ya musa.

Wannan dariyar ce ta sa nake wannan magana. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin da Baba ya gani.

Ba shi ya haife ni ba. Mahaifina mutumin Birniwa ne, makiyayi, ya ɗauke ni ina ƙarama bayan rasuwar mahaifiyata ya shiga ayarin masu zuwa Makka a ƙasa. Baba yana cikin ayarin, saurayi ne majiyi ƙarfi, masunci ɗan masunci. Ta Barno aka bi, aka ratsa Wadai, ana tafiya ana tsayawa a yi ƙwadago a sake tashi, har aka kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. A nan ake tsare mahajjata a wani fili da aka kewaye, a duba lafiyarsu, su jira jirgi. A cikin filin nan zazzaɓi ya kama mahaifina. Da ya ga ba zai tashi ba, ya kama hannuna ya sa a na Baba, don shi ne mai kawo masa ruwa. Ya ce amana ce, in Allah Ya mayar da shi gida ya kai ni ga dangi.

Da jirgin ya zo, Baba yana cikin waɗanda aka kira. Ni kuwa agana ta fito mini, fuskata har yau tana ba da shaida. Masu dubawa suka ce ba zan shiga ba, shi dai ya wuce. Mutanen ayarinmu suka ba shi shawara ya bar ni wurin wasu mata da ke jinyar marasa lafiya, ya sauke farali ya dawo ya ɗauke ni. Ya je har bakin jirgin da ƙunshin kayansa a ka, ya tsaya, sannan ya juyo. Abin da na tuna shi ne ƙafafunsa a ƙofar bukkar da aka keɓe ni, da ƙarar kayan da ya sauke a ƙasa.

Ya ce shekara mai zuwa ma rana ce. Kafin shekarar ta zagayo Turawa suka fara yaƙinsu na farko, hanyar ruwa ta rufe. Gaba ba jirgi, baya ba ayari, domin can ma ana ta tashin hankali. Muka zauna a gaɓa muna kallon gabas. A nan haƙorana na yarinta suka zube wasu suka fito.

Masunci ba ya zama da yunwa a bakin ruwa. Baba ya shiga aiki wurin wani tsohon Balarabe mai ƙaramin jirgi, wanda aka ce daga can arewa ya zo da irin nasa salon kamun kifi. Ba koma yake jefawa ba, ba ƙugiya. Ƙananan tukwane na ƙasa yake ɗaurawa a jikin doguwar igiya, ya zura su ƙasan teku, ya bar su. Baba ya ce ranar farko ya ɗauka tsohon ya taɓu, don tukwanen ba murfi, ba abinci a ciki. Da aka jawo igiyar, sai ga wani abu a naɗe cikin tukunya, yana kallonsa.

Larabawa suna da sunan da suke kiransa, harshen Baba bai taɓa iya juya shi ba. Shi mai hannu takwas yake ce masa. Kansa kamar ƙaramar salka ce da ba ta cika ba, luguf-luguf. Ƙwayar idonsa a kwance take kamar ta akuya. Hannayen daga ƙarƙashin kan suke fitowa, kowanne jere da wasu ƴan bakuna masu tsotsa. Ya taɓa naɗe mini damtse, da Baba ya ɓamɓare shi sai ga tabo zagaye-zagaye kamar wanzami ya yi mini ƙaho. Ba ƙashi ko ɗaya a jikinsa. Abu ɗaya ne mai tauri, baki irin na aku, a ɓoye tsakiyar hannayen. In aka yanka shi ba jan jini za ka gani ba, wani ruwa ne mai shuɗi-shuɗi kamar ɗaurayar baban rini. In hannu ɗaya ya tsinke, wani ya tsiro, kamar wutsiyar ƙadangare. In ya tsorata sai ya feso baƙin ruwa ya gudu ta bayansa. Akwai wani ɗan'uwansa mai dogon jiki da ya fi shi wannan tawada, har wani malami cikin waɗanda muka maƙale tare yake karɓar jakar tawadar wurin Baba yana rubutu da ita, don nasa gawayin da ƙaro sun ƙare.

Abin da ya fi tsaya wa Baba a rai shi ne tukunyar. Ya kan ce, dabbar nan rami take so, in ta ga tukunya sai ta shige ta mai da ita ɗaki. Ba wanda ya rufe ta. Da za ta saki jiki lokacin da ake jan igiya, da ta koma ruwa abinta. Amma tana jin motsi sai ta ƙara manne wa tukunyar da duk hannayenta, har a ɗora ta cikin jirgi. In ya kai nan a labarin yakan gyara zaman hularsa, ya ci gaba da ɗinkin koma.

Sai kuma ya ce amma kada a raina wa mai hannu takwas wayo. Wata rana da rana tsaka, ina cikin jirgin, aka sa wani babba a kwando aka danne murfin da dutse. A gefen kwandon akwai ƴar ɓula da ba ta fi ƙwayar goro ba. Muna gani ya zuro hannu ɗaya, ya laluba, ya zuro na biyu. Can sai ido ya matso ta cikin ɓular, ya lanƙwashe, ya fito. Duk inda bakin nan na aku ya shiga, sauran jikin zai bi. Balaraben ya miƙa hannu zai damƙe shi, Baba ya riƙe masa hannu. Muka zuba ido ya ja jiki a kan katakon jirgi, launinsa ya koma na katakon sak, har fatarsa ta yi kaushi irin nasa. Hawainiya ba ta kai shi sauri ba. Ya hau gefen jirgi ya sulale cikin ruwa. Tsohon ya yini yana faɗa, Baba kuwa ya yini yana murmushi. A duk zamanmu na can ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Akwai kuma macen da ya nuna mini. In ruwan teku ya ja baya yakan bar ƴan kududdufai tsakanin duwatsu. Baba ya gane ramin irin dabbar nan ta tarin ɓawon ƙaguwa da take zubarwa a ƙofa, kamar juji. Ya sa na kwanta rub da ciki na leƙa. Ƙwai ne reto-reto a rufin ramin, zangarniya-zangarniya, kowanne kamar ƙwayar shinkafa. Uwar tana ƙarƙashinsu tana hura musu ruwa, tana shafa su da ƙarshen hannu. Ya miƙa mata ƙaguwa a tsinke, ta ture. Muka riƙa komawa. Kullum tana nan, ba ta fita, ba ta ci, tana ƙara fari tana ƙanƙancewa. Ranar da muka tarar ƙwan sun fashe, ita kuma tana gefen ramin ƙananan kifaye na tsattsagarta. Na yi kuka. Baba bai yi mini wa'azi a kai ba. Ya ce haka Allah Ya yi su, ya goya ni muka koma.

Yaƙi bai gama lafawa ba wani mutumin Kafin Hausa ya iso da labarin cewa an yi muguwar yunwa a gida, kuma mahaifin Baba ya rasu yana kiran sunansa. A kwanakin aka sami ayari mai komawa yamma. Ana ta raɗe-raɗin jiragen mahajjata sun kusa dawowa, amma an sha faɗin haka. Baba ya je gaɓa ya daɗe a tsaye, ya dawo ya ɗaure kayanmu. Da muka iso Birniwa muka tarar dangin mahaifina sun bi shanu sun yi gabas tun lokacin yunwa, ba wanda ya san inda suka sauka. Ya dube ni, ya ce to, mu je gida. Daga baya ya auri Inna, ta haifa masa maza, amma ni ce babbar ƴarsa, kuma shi ya aurar da ni a cikin garin, gida uku tsakaninmu.

Bai taɓa yarda a ce masa Alhaji ba. Masu tsokana suka sa masa Alhajin Gaɓa. Yana da wasu halaye da sai wanda ya san inda ya fito zai gane. Ba ya kwana ƙofa a rufe, ko sanyi ya kai yaya. Ba ya son ganin akuya a ɗaure da gajeriyar igiya, ko ta wa ce sai ya tsaya ya sassauta. Da rani, in yara suka tono gaiwa daga busasshen taɓo, kifin nan da ke binne kansa ya jira ruwa, yakan ba su busasshen kifi ya karɓe ta, ya kai ta tafkin da bai ƙafe ba. In magana ta cije a gaban dagaci ko wurin rabon fadama, sai ya ce a dakata ya ga inda bakinsa zai shiga. Mu na gida mun san daga ina maganar ta fito.

Labarin mai hannu takwas kuwa bai gaji da ba da shi ba, mutane ma ba su gaji da ji ba, sai dai a matsayin tatsuniya suke ɗaukarsa. Sun san tarwaɗa, sun san karfasa da ragon ruwa, sun san kada da dorina. Kifi mai hannu, mai bakin aku, mai tawada, wannan sai dai a yi dariya. In ya ce a tambayi ƴarsa, sai a ce yarinya ce a lokacin, abin da aka faɗa mata ta riƙe.

Wanda bai taɓa dariya ba shi ne Baffa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Shi aka bari da gida. Shi ya ci ganye da tsofaffi a shekarar yunwa, shi ya binne ƙannensu mata biyu, shi ya haƙa kabarin mahaifinsu da hannunsa. Ya daɗe yana haɗiye abin. Ranar da ya fito da shi, an gama su ne na gayya a babban tafki, ana rabon kifi, jama'a sun kewaye Baba yana kwatanta yadda dabbar ke sauya launi. Baffa ya jefar da gorarsa a ƙasa.

“Yaya, ka bar mu da yunwa da gawar tsoho. Makkar ba ka je ba. Ka dawo mana da tatsuniya da ƴar wani, kuma kullum sai mun zauna mun saurara?”

Ina nan tsaye da ƙwarya a hannu, na riga na zama budurwa. Baba ya sunkuyar da kai.

“Maganar tsoho gaskiyarka ce, ba ni da amsa,” in ji shi. “Tatsuniya kuma, na yafe. Amma yarinyar nan tawa ce. Kada ka sake.”

Kwana kaɗan bayan haka Baffa ya kafa zana ya raba gidan biyu. Suna gaisawa a masallaci, suna haɗuwa a jana'iza, amma ba su sake sa hannu a akushi ɗaya ba har gashinsu ya yi fari. In Baba ya kamo babban kifi yakan aika rabi ta hannun yara, a karɓa ba godiya. Ban taɓa jin ya zagi Baffa ba. Sau ɗaya na tambaye shi ko yana nadamar juyowa daga bakin jirgin nan. Ya ce nadamarsa ɗaya ce, da ya tashi tafiya bai tambayi ƙanensa ko zai iya ba.

Ciwon ya same shi ne a cikin kwale-kwale, yana jan koma. Aka kawo shi ɓarin jikinsa na hagu a shanye. Aka shigar da shi ɗakinsa, ɗakin ƙasa mai ƙaramar ƙofa wadda sai an sunkuya. Mutum ne mai jiki, kuma in aka ɗaga shi a hannu ciwo yakan sa shi ƙara, gadon kuwa ba ya fita ta ƙofar. Da aka gwada aka ga wahalar ta yi yawa, sai aka haƙura. Damina ta zo ta wuce yana kwance, rani ya wuce, wata daminar ta kama. Iyakar duniyarsa ta koma ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa. Ni da Inna muke juya shi. Da farko yana raha, yana cewa ga shi ya shiga tukunya. Daga baya ya daina.

Da ruwa ya fara hauhawa, ya kewaye garin, hankalinsa ya fara tafiya. Yana jin ƙarar igiyar ruwa a bayan gida da muryoyin masu jirgi, sai ya ɗauka muna can Sawakin. Kullum da safe tambayarsa ɗaya, jirgi ya zo? An buɗe hanya? Yana yi wa Inna Larabci. In na shigo sai ya jawo ni da hannunsa mai lafiya, ya shafa fuskata, ya ce in rufe da mayafi kada masu dubawa su gani. Na ce masa Baba, ni ce fa, da ƴaƴana har da jika. Sai ya ce in yi haƙuri, shekara mai zuwa za a bar mu mu wuce. Wani lokaci yana dukan bango da tafin hannu, yana roƙon a buɗe masa, shi bai yi wa kowa laifi ba. Duk wanda ke bayan zana yana ji.

Wata safiya bayan an sha ruwan sama, sai ga Baffa ya ɗaga zanar nan ya shigo, da dagi a kafaɗa. Bai yi wa kowa dogon bayani ba. Ya ce in lulluɓe Yaya da tabarma saboda ƙasa. Inna ta tare shi, ta ce ana tsakiyar damina zai fasa ɗaki, in ya rushe fa? Ya ce in ya rushe shi zai gina. Tsoho ne shi ma, amma bai bar ƙannena sun karɓa ba sai da ya buɗe gefen ƙofar da kansa. Ƙannena suka kama gadon, Baffa ya riƙe wajen kai, aka fito da Baba.

Hasken ya sa ya runtse ido. Ba a yi nisa ba, don ruwan ya zo har gindin tsamiyar bayan gida. Aka ajiye gadon a bakinsa. Gonakin shinkafa duk sun nutse, ba ka ganin komai sai ruwa har inda sama ta sauka. Baba ya buɗe ido ya ga haka. Ya ce ina jirgin, a ɗauko yarinya.

Baffa ya durƙusa a cikin taɓo. “Yaya, ba teku ba ce. Kogin Hadejia ne ya cika. Ga tsamiyar tsoho nan a kanka.”

Baba ya dube shi kamar bai san shi ba. Sai Baffa ya kama hannunsa na dama ya tsoma a ruwan, ya kai masa baki. Baba ya lasa. Ya sake miƙa hannun da kansa, ya ɗebo, ya kurɓa.

“Ba gishiri,” in ji shi.

Ya juyo ya dube ni, ya dubi Inna, sannan ya tsayar da ido a kan Baffa, ya kira shi da sunan da mahaifiyarsu ke kiransa suna yara, wanda ni ban taɓa ji ba.

“Ashe mun iso?”

“Kun iso, Yaya. Tun tuni kuka iso.”

Ya ce to kada a mayar da shi ciki. Aka kafa masa rumfa a gindin tsamiyar. Aka kawo tuwo da miyar kifi, Baffa ya wanke hannu ya zauna a bakin gadon, yana ci yana ba shi a baki. Bai ƙara tambayar jirgi ba. Bai daɗe ba bayan haka, da hantsi, Baffa na riƙe da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya cika.

Allah Ya karɓi niyyar da ya ɗauka har bakin ruwa, Ya saka masa amanar da ya riƙe. Allah Ya yalwata masa kabarinsa iyakar ganin ido, Ya sa iska na shiga. Mu kuma da muke jira, Allah Ya sa mu cika da imani.